Kirifto ba layar zana ba ce

A zaurukan WhatsApp da Telegram inda matasanmu ke koyon harkar kirifto, akwai wata magana da ake maimaitawa har ta zama kamar karatun allo: wai kuɗin kirifto ba a iya bin sawunsa, kuma wanda ya kunna VPN, wato manhajar da ke bi da intanet ɗin mutum ta kwamfutar wani kamfani, ya ɓace wa duniya. Masu koyarwa na faɗa don su tara ɗalibai, masu tallar manhaja na faɗa don hajarsu ta shiga, wasu jami'ai ma na faɗa idan suna neman hujjar hana harkar baki ɗaya. Maganar ba gaskiya ba ce, kuma wanda ya fi cutuwa da ita shi ne mutumin kirki: ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke biyan kuɗin kaya a Sin da USDT (kirifton da aka ɗaure darajarsa da dala), ɗan jaridar da ke magana da majiyarsa, matar da ke tara 'yan kuɗinta ba ta so dangi su sani. Su ne ke sakin jiki, don an ce musu sun rataya layar zana.

Abu biyu ake cakuɗawa. Akwai rufin asiri, wato mutane sun san ka amma ba su san abin da ke aljihunka ba, ba su kuma san me ka faɗa wa wane ba. Akwai kuma ɓacewa, wato an ga abin da aka yi amma ba mai iya nuna ka da yatsa. Na farkon yana samuwa daidai gwargwado ga wanda ya yi hankali. Na biyun kuwa, da yawa daga cikin ƙwararrun da suka ba da rayuwarsu gare shi ma sun kasa riƙe shi. A ganina ya kamata mu daina sayar wa mutane na biyun, mu koya musu na farkon da kyau, sannan abin da na'ura ba za ta iya karewa ba mu nemi doka ta kare shi.

Mu fara da kundin, wato littafin da ake rubuta duk hada-hadar kirifto a ciki. Tun watan Janairu 2009 da aka fara Bitcoin, duk wani ƙwandala da ya tashi daga wani adireshi zuwa wani yana rubuce: nawa ne, daga ina, zuwa ina, wane lokaci. Kundin nan yana kan dubban kwamfutoci a duniya, kuma duk mai waya zai iya buɗe shafin duba kundi ya liƙa adireshi ya ga tarihinsa kaf. Ka ɗauke shi kamar littafin bashi na mai shago, sai dai an rataye shi a ƙofar kasuwa, an rubuta laƙabi a maimakon suna, kuma ba a taɓa yage shafi ko ɗaya. Banki yana ɓoye hada-hadarka daga maƙwabci ya nuna wa hukuma. Bitcoin yana nuna wa kowa komai, sunanka kaɗai ya rage. Ranar da aka haɗa laƙabi ɗaya da sunanka, an karanta littafin daga farko.

Wani zai ce ai adireshi kyauta ne, sai ya buɗe ɗari. A nan ne ya kamata a fahimci yadda biyan kuɗi yake a Bitcoin. Walet, wato manhajar da ke riƙe wa mutum kirifto, ba ya riƙe jimilla ɗaya kamar asusun banki. Yana kama da aljihu mai takardun kuɗi daban-daban, kowace a kan adireshinta. A ce wani ya taɓa turo maka 0.3 a adireshi ɗaya, wani ya turo 0.5 a wani adireshin. Ranar da za ka biya 0.6, walet ɗin zai ɗauko duka biyun ya haɗa 0.8, ya miƙa 0.6 ga mai karɓa, ya dawo maka da canjin kusan 0.2 a sabon adireshi bayan an cire ladan turawa. Da wannan biya guda ka faɗi abu biyu. Ka shaida wa duniya cewa adireshin 0.3 da na 0.5 na mutum ɗaya ne, tun da hannu ɗaya ne ya sa musu hannu a lokaci guda. Ka kuma nuna sabon adireshinka, domin mai lura zai gane cewa cikakken adadi shi ne biya, mai ɓarɓashin lambobi a sabon adireshi shi ne canji. A haka ake bin mutum daga canji zuwa canji.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. A 2013 wasu masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, ƙarƙashin Sarah Meiklejohn, sun yi abu mai sauƙi: suka riƙa sayen kaya da ajiye 'yan kuɗi kaɗan a dandalin musaya da shagunan da ke karɓar Bitcoin, don su san adireshin kowane, sannan suka yi amfani da dabarun nan biyu suka tattara miliyoyin adireshi zuwa rukuni-rukuni masu suna. Abin da suka yi a ɗakin karatu ya zama sana'a. Kamfanoni irin su Elliptic da Chainalysis da TRM Labs yau aikinsu ke nan, kuma abokan cinikinsu hukumomin haraji ne da 'yan sanda da su kansu dandalin musayar.

Amma mafi yawan mutanenmu ba Bitcoin suke juyawa ba, USDT ne a kan wani kundin daban mai suna Tron, kuma a nan lamarin ya fi sauƙi ga mai bincike. A Tron da Ethereum adireshi ɗaya ne yake zama asusunka, da shi kake karɓa da shi kake biya. Duk wanda ka ba adireshin don ya turo maka dala ashirin zai iya liƙa shi a Tronscan, shafin duba kundin Tron, ya ga abin da ke ciki, ya ga wanda ke turo maka duk ƙarshen wata, ya ga dandalin da kake kai kuɗi. In ka buɗe sabon walet don ka raba gari da tsohon, akwai tarko: galibi ba za ka iya fitar da USDT daga cikinsa ba sai da ɗan TRX, kuɗin Tron, na biyan lada. Daga ina TRX ɗin zai fito? Yawanci daga tsohon walet, ko daga asusunka na dandalin da ke da hoton fuskarka. Wannan 'yar turawa ta naira dubu kaɗan ita ce zaren da ya ɗinke sabo da tsoho. Sannan USDT kuɗin kamfani ne. Kamfanin, wato Tether, na da ikon daskarar da duk adireshin da ya ga dama, kuma yana yi idan hukuma ta nema. A Nuwamba 2023 ya daskarar da kimanin dala miliyan 225 da ke da alaƙa da wasu 'yan damfara, tare da ma'aikatar shari'ar Amurka. Kana riƙe da kalmomin sirri 12 na buɗe walet ɗinka a hannu, amma kuɗin ba za su motsa ba.

Inda suna ke haɗuwa da laƙabi shi ne ƙofa, wurin da naira ke zama kirifto ko kirifto ke komawa naira. Babban dandali ba ya barinka ka yi ciniki sai ka yi KYC: katin shaida, hoton fuska kana juya kai, lambar waya. Har waɗanda suka yi ta danna waya suna mainin ɗin kirifton Pi sai da suka miƙa katinsu da fuskarsu kafin a sakar musu abin da suka tara. Da Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da kirifto a Fabrairu 2021, kowa ya koma P2P, wato mai saye ya tura wa mai sayarwa naira kai tsaye, dandali ya sakar masa kirifto, aka kuma ƙirƙiro wata ƙa'ida da har yau ake bi kamar addini: kada ka rubuta kirifto ko USDT a wurin bayanin turawa. Wannan yana iya hana na'urar banki ta tsince ka nan take, iyakarsa ke nan. Duba abin da ciniki ɗaya ke bari. Dandalin yana da lambar oda, da sunayen mai saye da mai sayarwa, da adadin naira, da minti, da hirar da kuka yi, da rasit ɗin da ka ɗora. Banki yana da turawar wannan adadi daidai a wannan minti, tsakanin asusu biyu da ke ɗaure da BVN. Haɗa takardun biyu aikin awa guda ne ga wanda ke da su duka.

Kuma an nuna mana cewa ana iya samunsu. A Fabrairu 2024 aka tsare jami'an dandalin musaya na Binance biyu a Abuja. A Maris kamfanin ya daina hulɗa da naira, Babbar Kotun Tarayya kuma ta umarce shi ya miƙa wa EFCC bayanan masu ciniki daga Najeriya. A Afrilu kotu ta ba hukumar izinin rufe asusun banki sama da dubu ɗaya da ake zargi da hada-hadar canji ba bisa ƙa'ida ba. Ko mutum yana ganin an yi daidai ko an wuce gona da iri, darasin ɗaya ne: kamfanin da ke riƙe da katinka yana da ma'aikata da za a iya tsarewa, yana da kasuwar da yake tsoron rasawa. Akwai ma haɗarin da ya fi kusa da talaka. A P2P ba ka san asalin nairar da aka turo maka ba. In ta fito daga damfara ko sata, mai ƙorafi asusunka zai gani, kai za a rufe wa asusu, kai za a kira ofis, alhali ɓarawon ya tafi da USDT ɗinka.

Abin da ya fi komai muhimmanci, kuma aka fi mantawa, shi ne lokaci. Mai ɓuya dole ya yi daidai kullum. Mai bincike kuskure ɗaya yake jira, kuma kundin yana jiransa tare da shi. A 2016 aka sace Bitcoin 119,754 daga dandalin Bitfinex. Shekara biyar da rabi kuɗin na zaune ana kallonsu, ana ɗan gutsura ana zagayawa da su ta asusun bogi da kasuwannin ɓoye. A Fabrairu 2022 aka kama Ilya Lichtenstein da matarsa Heather Morgan a New York, aka ƙwace sama da Bitcoin dubu 94, kimanin dala biliyan 3.6 a lokacin. Makullan kuɗin suna cikin wani fayil da ya ajiye a ma'ajiyar intanet, aka samu izinin kotu aka buɗe. James Zhong ya wawure Bitcoin sama da dubu 50 daga Silk Road, wata kasuwar ɓoye ta intanet, a 2012, ya yi shekara tara ba a taɓa shi ba, sai a Nuwamba 2021 jami'ai suka shiga gidansa a jihar Jojiya suka tarar da wani ɓangare a wata 'yar kwamfuta da ya tura cikin gwangwanin gugguru. Shi kansa mai Silk Road, Ross Ulbricht, ba karya Tor, manhajar ɓoye sawu a intanet, aka yi aka san sunansa ba. Wani jami'in haraji ne ya bi tsofaffin rubuce-rubuce a intanet ya ga wani mai laƙabin altoid yana tallar kasuwar a farkon 2011, bayan 'yan watanni kuma wannan laƙabin ya nemi ma'aikaci ya ajiye adireshin Gmail mai ɗauke da cikakken sunansa. Aka kama shi a ɗakin karatu a San Faransisko a Oktoba 2013, kwamfutarsa a buɗe. Har jami'an gwamnati biyu da ke cikin binciken, waɗanda suka saci Bitcoin suna ganin sun fi kowa sanin hanya, kundin ya tona su, aka ɗaure su a 2015. Ɗaya daga cikin waɗanda suka bi sawunsu shi ne Tigran Gambaryan, mutumin da daga baya ya koma Binance aka tsare shi a Abuja.

Na kawo masu laifi ne don shari'arsu ce ke fitowa fili a karanta yadda aka yi. Hanyar da aka bi aka kama ɓarawo ita ce dai za a bi a gano wanda ya ba da gudummawa ga zanga-zanga. A Oktoba 2020, da aka toshe hanyoyin karɓar kuɗi na masu tallafa wa EndSARS, sun koma karɓar Bitcoin, kuma ya yi musu amfani domin ba mai iya tare kuɗin a hanya. Sai dai hana tarewa daban, hana gani daban. Duk wanda ya tura daga asusunsa mai KYC zuwa adireshin da aka wallafa, turawar tana nan a rubuce har gobe.

To masu gauraya fa? Akwai shafukan da ke karɓar kuɗin mutane da yawa su cakuɗa su mayar wa kowa nasa a sabon adireshi. Matsalarsu uku. Adadi da lokaci na tona mutum: in 2.37 ya shiga da rana, 2.35 ya fita da yamma, ba sai boka ba. Mai shafin kuma yana iya ajiye lissafin wa ya kawo wa ya karɓa, kuma ranar da aka ƙwace na'urorinsa lissafin ya koma hannun hukuma. Da 'yan sandan Jamus da Amurka suka rufe ChipMixer a Maris 2023 sun tafi da bayanai kimanin terabait 7. Na uku, kuɗin da ya fito daga gauraya yana ɗauke da tabo, manyan dandali na ganinsa su rufe asusu su ce ka kawo bayani. Ga kuma shari'a: Amurka ta sa wa manhajar gauraya ta Tornado Cash takunkumi a Agusta 2022, ta janye a Maris 2025, amma kafin nan kotu a Holan ta yanke wa ɗaya daga cikin maginansa, Alexey Pertsev, wata 64.

Monero, kirifton da aka ƙera don ɓoye sawu, ya fi waɗannan gaskiya, kuma a ba shi haƙƙinsa. Yana ɓoye adadi, yana ƙirƙirar adireshin amfani sau ɗaya ga kowace karɓa, yana kuma sa kuɗin da aka kashe a tsakiyar wasu 15 na ruɗu, ta yadda mai kallo ba zai san wanne ne cikin 16 ba. Har a 2020 hukumar harajin Amurka ta sa kwangilar da ta kai dala 625,000 ga mai iya bin sawunsa. Amma ba wanda ke sayen shinkafa a Dawanau da Monero. Dole a shiga, dole a fita, kuma ƙofofin suna ta raguwa. Binance ya cire shi a Fabrairu 2024. Wanda ya canza USDT dubu zuwa Monero ƙarfe goma, ƙarfe sha ɗaya saura aka ga kusan wannan adadi ya dawo USDT a wani wuri, ɗakin tsakiya ne kawai ya yi duhu, ƙofar shiga da ta fita duk da fitila. Walet ɗin waya kuma ba ya ɗauke da kundin, wata kwamfuta yake tambaya, kuma mai wannan kwamfutar yana ganin lambar IP ɗinka, wato lambar da ke nuna ta inda ka shiga intanet. Haka yake a ƙananan walet na Bitcoin, har ma ya fi muni, don su adireshinka duka suke aikawa a duba musu.

VPN kuwa mutanenmu da yawa sun san shi ne daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, lokacin da aka rufe Twitter. Ya yi aikin da aka nema, ya tsallake shinge. Daga nan aka ɗora masa abin da ba nasa ba. Abin da yake yi shi ne ya ɗauke gani daga kamfanin layinka ya miƙa wa kamfanin VPN. MTN ko Airtel ba sa ganin shafin da ka shiga, amma suna ganin ka haɗu da VPN, da lokacin, da yawan data. Kamfanin VPN kuma yana ganin lambarka ta asali da inda ka nufa. Alƙawarin ba ma ajiye bayani magana ce da ba ka da hanyar tabbatarwa daga wayarka. A 2011 HideMyAss ya miƙa bayanan wani mai kutse bisa umarnin kotun Ingila. A 2017 PureVPN, wanda ke tallar cewa ba ya ajiya, ya taimaka wa FBI da bayanan haɗuwa. Na kyauta sun fi haɗari, domin dole su ci abinci ta wata hanya; Onavo, VPN ɗin da Facebook ya mallaka, an yi amfani da shi wajen nazarin manhajojin da mutane ke buɗewa har aka rufe shi a 2019. Sannan in ka kunna VPN ka shiga Gmail ɗinka ko Facebook ɗinka, ka rufe fuska ne ka ɗaga katin shaida.

Tor ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Yana bi da kai ta kwamfutoci uku: ta farko ta san ka ba ta san inda za ka ba, ta ƙarshe ta san inda aka je ba ta san ka ba. Rauninsa yana ga wanda ke iya kallon bakin hanya biyu ya gwada lokaci, da kuma ƙarancin jama'a. A Disamba 2013 wani ɗalibin Jami'ar Harvard ya aika barazanar bam ta ƙarya don ya kauce wa jarrabawa, ta Tor da imel na wucin gadi. Ba a karya komai ba. An ga saƙon ta Tor ya zo, sai aka duba waɗanda suka haɗu da Tor ta intanet ɗin makarantar a wannan safiya, aka je aka tambaye shi, ya amsa. Ɓuya a taro ake yin ta. Mutum ɗaya mai amfani da Tor a ƙaramin gari, kamfanin layi na ganinsa kamar farin sa a garken baƙaƙe, ko da bai san me yake karantawa ba.

Manhajojin hira ma haka. Kulle saƙo yana rufe abin da ke cikin ambulan, amma abin da ke bayan ambulan yana waje: wa ya aika, wa ya karɓa, yaushe, sau nawa. Signal ya fi kowa rage wannan. Da aka kai masa sammaci a 2016, abin da ya iya bayarwa shi ne ranar buɗe asusu da ranar haɗuwa ta ƙarshe. WhatsApp na kulle hira amma yana riƙe da bayanan gefe masu yawa, kuma in ajiyar hirarka na tafiya Google Drive ba ka kunna kullenta ba, ka bar taga a buɗe. Telegram, inda harkar kirifto ta yi sansani, hirarsa ta yau da kullum da zaurukansa ba su da wannan kulle na baki-da-baki da ke hana kowa karantawa sai mai aikawa da mai karɓa, kuma bayan kama shugabansa Pavel Durov a Faransa a Agusta 2024 kamfanin ya sanar cewa zai riƙa ba hukuma lambar waya da IP in an zo da takardar shari'a. Proton Mail na Suwizalan bai iya buɗe wasiƙu ba, amma a 2021 hukumomin ƙasar sun tilasta masa ya miƙa IP ɗin wani ɗan gwagwarmayar muhalli na Faransa. Duk waɗannan kuma a kan waya suke zaune. Tun Disamba 2020 layi a Najeriya ɗaure yake da NIN, hasumiyar sadarwa na rubuta unguwar da wayar ta kwana, wayar kuma na da lambar IMEI mai lamba 15 da ba ta canzawa don ka canza sim. Sabon layi a tsohuwar waya tsohon mutum ne.

Akwai masu cewa to ai shi ke nan, wanda ba shi da laifi me zai ɓoye? Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Bahaushe da ke roƙon rufin asiri safe da yamma ba laifi ya aikata ba. A yankin da ake sace mutum don an ji labarin ya sayar da shanu, adireshin da ke nuna wa kowa dala dubu talatin maganar rai ce. A 2020 bayanan abokan cinikin Ledger, mai ƙera na'urar ajiye kirifto, suka fita: sunaye da lambobin waya da adireshin gida na mutum kusan 270,000. A Janairu 2025 aka sace ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin a Faransa, aka yanke masa yatsa kafin a ceto shi. A Mayu 2025 dandalin musaya na Coinbase ya bayyana cewa an ba wasu ma'aikatan kula da abokan ciniki cin hanci sun fitar da bayanan mutum kusan dubu 70. A gida kuma, a 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta nuna cewa akwai shafukan da ke sayar da bayanan NIN da BVN na 'yan Najeriya a kan naira 100. Duk katin da aka tilasta wa mutum ya miƙa, wani rumbu ne aka cika, kuma rumbu ɓera yake kira.

Haka kuma ban yarda da masu cewa a haramta kayan sirri don 'yan ta'adda ba. Kuɗin fansar da ake kaiwa daji tsabar naira ce a buhu, da babura da kayan abinci, kuma tsabar kuɗi ta fi Bitcoin ɓata sawu sau dubu. Abin da ya dace a nema a fili yake. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa da wasiƙunsa da wayarsa. Dokar kare bayanai ta Yuni 2023 ta kafa hukuma, ta wajabta wa mai riƙe da bayanai ya sanar da ita cikin awa 72 in an yi masa kutse mai haɗari ga mutane. Yanzu da dokar zuba jari ta 2025 ta shigar da kadarorin kirifto ƙarƙashin SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari, dandalin da ke neman lasisi ya kamata a tambaye shi inda yake ajiye hotunan fuskokinmu, wa ke da ikon buɗewa, shekara nawa zai riƙe bayan an rufe asusu, kuma ya riƙa wallafa yawan buƙatun da hukumomi suka kawo masa. Buƙatar hukuma ta zo da sunan wanda ake zargi da sa hannun alƙali. Neman bayanan kowa da kowa a dunƙule don a tace daga baya, wannan kamun kifi ne da guba, yana kashe na ci da na bari.

Kafin doka ta kama aiki, mutum na iya rage abin da maƙwabci da ɗan damfara da mai garkuwa ke gani, kuma su ne haɗarin yawancinmu. A raba walet na kasuwa da na ajiya, kada wanda ake ba mutane ya riƙe fiye da kuɗin juyawa. Kada a tura kai tsaye daga wannan zuwa wancan, don layin zai fito a kundi. In an bi ta dandali, jama'a sun rasa zaren, ko da yake dandalin na riƙe da shi. A Bitcoin a karɓi kowane biya a sabon adireshi, a kuma zaɓi walet da ke barin mutum ya zaɓi takardar da zai kashe. In an ga wasu 'yan ɓarɓashin kuɗi sun shigo daga wanda ba a sani ba, a bar su a wurin, domin ana turo su ne don su haɗu da sauran kuɗin ranar biya su nuna hanya. Hoton riba da ake ɗorawa a Facebook da sitatus, ko an goge adireshin, adadi da lokaci sun isa a nemo turawar a kundi. Kalmomin sirri 12 ko 24 a rubuta su a takarda, kada a ɗauke su hoto, don hoton na hawa Google ko iCloud da kansa. Hoton da aka aika a matsayin fayil yana iya tafiya da wurin da aka ɗauke shi in GPS na kunne. A Disamba 2012 haka hoton da 'yan jarida suka wallafa ya nuna John McAfee yana Guwatemala lokacin da ake nemansa. Wanda zai sayi na'urar ajiya kuma, ya sa a kai masa ofis ko wurin karɓar saƙo, kada ya ba da adireshin gidan da iyalinsa ke kwana.